Ba a Baki Ake Gane Ɗan Ƙasa Ba: Raddi Daga Gindin Duwatsun Mubi

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakunanmu, mu masu jin Hausa, har ta kai ba ma jin nauyinta idan muka furta ta: "Da jin bakinsa ka san ba ɗan ƙasar nan ba ne." Ana yin ta a tashar mota, ana yin ta a majalisar dare, ana yin ta a layin karɓar katin zaɓe. Mutum ya fito daga ƙasar Mubi ko Maiha ko Michika, ya yi Hausa da gargada, ya ce "matana ya tafi kasuwa", wayarsa ta yi ƙara ya amsa da Fillanci, ko ya zo biyan kuɗi aka ji yana ƙirga su da Faransanci ƙasa-ƙasa, sai a kalli juna a yi murmushi, wani ya ce ai 'yan Kamaru ne. Abin da ke ƙunshe cikin maganar shi ne kowace ƙasa da harshenta. Nijeriya tana da Turanci a ofis, Arewarta tana da Hausa a titi, Kamaru kuwa ta Faransanci ce. Wanda bakinsa ya rabu tsakanin nan da can, to wai zuciyarsa ma a rabe take, kuma ranar da ta ɓaci ba a san inda zai karkata ba.

Masu wannan ra'ayi ba jahilai ba ne, kuma yawancinsu ba ƙiyayya ce ta sa su ba. A cikinsu akwai dattawan da nake jin kunyarsu, akwai jami'an tsaron da suka binne abokan aikinsu a wannan yanki, akwai 'yan kasuwar da suka ga yadda ake tsallaka da man fetur da makamai ta hanyoyin da ba su cikin taswira. Sun ga baƙi suna yankar katin ɗan ƙasa da na zaɓe, kuma ba ƙarya suka gani ba. Suna son ƙasa ta san nata, ta san wanda ya shigo mata, ni ma abin da nake so ke nan. Inda muka rabu da su shi ne awon da suka ɗauko. Harshe a wannan iyaka ba ya auna abin da suke so ya auna, kuma sau da yawa ma kishiyar amsar yake bayarwa.

Mu tsaya a Duvu, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu mai hedikwata a Gella, a yankin da mutanen Gude suka fi yawa, gindin jerin duwatsun Mandara. Daga wannan ƙasa babur yana kai mutum Kamaru ya dawo rana ba ta faɗi ba, ko ta Sahuda zuwa Bukula, ko ta wajen Kwaja a kan dutse. A takarda ana cewa iyaka ce tsakanin harsuna biyu, Turanci a yamma, Faransanci a gabas. Amma waɗannan biyun su ne na ƙarshen zuwa, kuma su ne mafi ƙarancin aiki a rayuwar yau da kullum. Yaro a nan yana buɗe baki da yaren uwarsa, ya tsinci Fillanci wajen makiyaya da dattawa, ya ɗauki Hausa a kasuwa da masallaci ko coci, ya haɗu da Turanci a aji. Idan ya girma ya fara kai kaya ƙetare, sai ya ƙara da Faransancin da zai ishe shi gaisawa da jandarma da karanta rasit. Harsuna biyar ke nan a bakin mutum ɗaya, alhali gonar da yake nomawa ita ce wadda kakan kakansa ya share.

Tambayar da ya kamata mai wancan ra'ayi ya fara yi wa kansa ita ce: da wane awo aka ja layin? Kafin Turawa, wannan ƙasa tana cikin da'irar Fombina, daular da Modibbo Adama ya kafa a farkon ƙarni na 19 da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta zauna a Yola daga 1841, ikonta kuma ya kai Garwa da Marwa da Ngaundare. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a hannun Ingila, ta jefa mafi yawan ƙasar Lamiɗon Fombina hannun Jamus, har da Mubi. Wato a farkon ƙarnin da ya wuce Mubi da Garwa ƙasa ɗaya suke, Mubi da Yola kuwa ƙasa biyu. Da Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Farko, Ingila da Faransa suka raba Kamaru a 1919 da sa hannun Milner da Simon, daga baya gwamnonin biyu, Thomson na Nijeriya da Marchand na Kamaru, suka fayyace layin dalla-dalla, aka tabbatar da shi a 1931. A wannan tsagi abin da suka fi bi shi ne magangarar ruwa: inda ruwan sama ya gangara yamma zuwa kogin Yadzaram, na Ingila ne, inda ya gangara ɗaya ɓangaren, na Faransa. Babu wanda ya hau dutse ya saurari yaren da ake yi a kowane gida. Ko Kotun Duniya da ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, wanda jama'a suka fi sani da shari'ar Bakassi, ai iyakar ta bi gaba ɗaya daga Tafkin Cadi har teku, kuma a nan waɗannan tsofaffin takardu ta fassara, da duwatsunsu da rafukansu.

Saboda haka layin ya ratsa tsakiyar al'ummu. Gude suna nan Mubi, suna can wajen Burha da Bukula. Nzanyi suna Maiha, suna ƙetare. Mutanen da muke kira Higi ko Kamwe a Michika, 'yan'uwansu ne ake kira Kapsiki a Mogode da Rumsiki. Mafa suna Madagali, suna Mokolo. Ana auratayya, ana zuwa biki da ta'aziyya, ana aron iri da damina. In dai harshe ne ke nuna ƙasa, to Gude na wace ƙasa ne? Amsar ita ce na biyun ne, kamar yadda Hausa take ta Katsina take ta Maraɗi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce Bakatsine ya zama abin zargi don yana magana irin ta mutanen Maraɗi ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda yawancinmu ba a koya mana a makaranta ba. Ranar 1 ga Oktoba 1960, da aka sauke tutar Ingila a Legas, Duvu da Mubi ba su cikin Nijeriya. Yankin amana ne na Majalisar Ɗinkin Duniya da Ingila ke riƙe da shi, ana kiran sa Arewacin Kamaru, siririyar ƙasa da ta taso daga Dikwa ta bi ta Gwoza da Madagali da Mubi, ta tsallake Binuwai ta ci gaba ta Jada da Ganye har tsaunin Mambila. An tambayi mutanen yankin sau biyu. A Nuwamba 1959 aka ce su zaɓa: su shiga Jihar Arewa idan Nijeriya ta sami 'yanci, ko a jinkirta maganar. Mutum 70,546 suka ce a jinkirta, 42,788 suka ce Nijeriya. Gwamnatin Arewa a Kaduna ta girgiza, don ba ta yi tsammanin haka ba. Da aka bi diddigi, sai aka gane ƙuri'ar fushi ce da mulkin En'e da ake yi musu daga Yola da Dikwa, da hakiman da aka ɗora musu, ga kuma mutanen dutse ba su manta da zamanin farautar bayi ba, irin na Hamman Yaji na Madagali wanda sai a 1927 aka tuɓe shi. Sai aka gyara: aka cire su daga ƙarƙashin Yola da Dikwa, aka ba su hukumominsu, Sardauna Ahmadu Bello ya tashi tsaye da lallashi da alkawari.

A Fabrairu 1961 aka sake jefa ƙuri'a, wannan karon tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Kamaru kai tsaye, ƙarƙashin sa idon wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Djalal Abdoh na Iran. Nijeriya ta samu 146,296, Kamaru ta samu 97,659. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo, aka sa masa suna Lardin Sardauna, hedikwatarsa Mubi. Ni da aka haifa cikin ƙasar Hausa, babu wanda ya taɓa tambayar kakana ko yana son zama ɗan Nijeriya. Gwamna Lugga ya zo da bindiga, magana ta ƙare. Mutanen nan kuwa an tambaye su, sun ja rai, sun gindaya sharaɗi, sannan suka shigo. Kuma da yawansu a ƙauyuka sun yanke wannan shawara ne ba su jin Turanci, Hausarsu ma ba ta wuce ta gaisuwa ba, ta bakin tafinta aka yi musu bayani, a yarensu suka yi gardamar a ƙarƙashin bishiya. Kusan dubu casa'in da takwas ɗin da suka zaɓi Kamaru ma ba a kore su ba, su da 'ya'yansu sun zama 'yan Nijeriya kamar kowa, don ƙasar ce ta shigo da duk wanda ke kanta.

A lura da wani abu. Da harshe ne ke jan mutum zuwa ƙasa, da Kamaru ce ta ci wannan ƙuri'a. Shugabanta a lokacin, Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa ne mai jin Fillanci, harshen da a wancan zamani ya fi Hausa tafiya a kasuwannin wannan yanki da fadojinsa. Shi kansa ya sa rai ƙwarai, shi ya sa da sakamako ya fito ya ayyana ranar makoki, ya kai Ingila ƙara Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar a 1963. Mutane sun duba wanda zai bar musu sarautarsu da kotunsu da kasuwarsu, sun duba yaƙin da ake yi a kudancin Kamaru a lokacin, sun duba kuɗin da suka saba da shi. Harshe ɗaya bai isa ya ja su ba.

Wani abin da ke ba ni sha'awa a ƙuri'ar 1961 shi ne mata sun jefa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage sai kowane baligi ya yi, namiji da mace. Matan Kano da Sakkwato da Zariya ba su sami wannan dama ba sai a 1976. Wato matan waɗannan duwatsu sun zaɓi ƙasa shekara goma sha biyar kafin a yarda iyayenmu mata su zaɓi kansila.

Wannan ne ya faɗo mini a rai wata rana a cikin motar haya, mun baro Mubi za mu Yola. Aka tsayar da mu a wani shinge, jami'i ya leƙo ta taga yana bin fuskoki. A kujerar baya akwai wata tsohuwa da ƙullin gyaɗa a cinya da jikanyarta a gefe. Ya ce, "Mama, daga ina, zuwa ina?" Ta amsa da Fillanci, ta ga bai gane ba, ta juya ga yarinyar ta yi mata yare, yarinyar ta fara fassarawa. Ya katse ta, ya ce tsohuwar ta faɗa da bakinta. Ta lalubo Hausa guntu-guntu, ta ambaci ƙauyensu, ta ce asibiti za ta. Ya ce ta sauko. Direba ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, 'yar nan bayan Gella ce, na san 'ya'yanta." Sai da ta kwance bakin zane ta ciro katin zaɓe a naɗe cikin leda kafin aka bar mu. A gefena kuwa akwai wani bawan Allah da ya sha ba mu labari tun daga tasha, cikin Hausa mai daɗi, cewa shi ɗan Garwa ne, sari ya zo. Jami'in ya gaishe shi, ya amsa da "ranka ya daɗe, ya aiki", aka wuce shi. Ban ga laifin mutumin Garwa ba, wataƙila takardunsa cikakku ne, ba a dai tambaye shi ba. Ban kuma ɗauki jami'in mugu ba, aikin da aka sa shi yake yi da awon da ya taso ya tarar. Amma awon ya sauke 'yar gida ya bar baƙo, kuma tsohuwar nan, in ba ita ba to uwarta ko yayarta na cikin waɗanda suka tsaya a layi a 1961.

Haka awon yake yi kullum, don Hausa ta fi Nijeriya faɗi. Akwai Hausawa a Garwa da Marwa da Ngaundare tun zamanin fatauci, akwai unguwar Birkitari a Yawunde da Hausa ke tashi a cikinta kamar kana Fagge. Jamhuriyar Nijar ma a 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da Nijeriya ba ta yi ba. Idan Hausa ce jarrabawar, ɗan Damagaram zai ci da maki mai yawa, ɗan Duvu ya faɗi. Wanda kuma ya zo da mugun nufi, shi ne ya fi kowa gyara bakinsa. Abubakar Shekau na Boko Haram da Hausa ya riƙa aiko da barazanarsa, kuma babu mai shakkar ƙasar da ya fito.

A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram ta shiga Mubi, ta sauya mata suna zuwa Madinatul Islam, ta riƙe ta har tsakiyar Nuwamba, lokacin da sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato ta. Duk wanda ya san wannan gari ya san yadda aka fita: a ƙafa, da yara a baya, ɗaliban kwalejin kimiyya ta tarayya da na jami'ar jiha a cikin ayari. Hanyar Yola ta zama haɗari, don haka dubban mutane suka nufi gabas suka haye dutse zuwa Kamaru. A can, wanda yake jin Gude ko Fillanci shi ya nemo wa ayari ruwa da wurin kwana, wanda yake da ɗan Faransanci shi ya yi wa jandarma bayani. Harsunan da muke zargi su suka fitar da mutane, har da Hausawan da ba su jin ko ɗaya daga ciki. To ranar da ake cewa ba a san inda za su karkata ba, ai ta zo ta wuce. Suna da dangi a ƙetare, suna jin yaren wurin, ƙasarsu ta kasa kare su a wannan mako. Duk da haka da yawa suka zaga ta cikin Kamaru suka ɓullo Yola, sauran kuma da gari ya lafa suka dawo suka share toka suka buɗe shaguna.

Dokar ƙasa ma ba ta tare da wancan ra'ayi. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya rataya zama ɗan ƙasa ta haihuwa ga iyaye da kakanni da al'ummar da mutum ya fito, bai ambaci harshe ba ko sau ɗaya. Inda aka ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci shi ne sashe na 55, kuma maganar zaman majalisar tarayya ce. Amma sauƙin da muke ji wajen kiran mutumin iyaka baƙo tsohon ciwo ne, kuma ya sha hawa sama. A Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na jam'iyyar GNPP a majalisar Borno, ta tsallakar da shi Cadi da cewa ba ɗan ƙasa ba ne, kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo. A 2019 jam'iyyar APC ta gaya wa kotun zaɓe cewa Atiku Abubakar ba ɗan Nijeriya ba ne ta haihuwa, tun da an haife shi a Jada a 1946, lokacin tana yankin amana. Kotu ba ta karɓi hujjar ba. Da ta karɓa, da ta shafi Alex Badeh, ɗan Vimtim a ƙasar Mubi, wanda aka haifa a 1957 kuma yake babban hafsan tsaron Nijeriya a daidai lokacin da aka ci garinsu. Waɗannan shari'o'i ba a kan harshe aka yi su ba, amma uwarsu ɗaya da abin da ya faru da tsohuwar cikin mota, sai dai ita ba ta da lauya.

Yanzu bari in ba masu wancan ra'ayi abin da yake nasu, don suna da rabo a gaskiyar. Yau idan ka tsaya a kasuwar Mubi, Hausa ce ke haɗa jama'a. Idan ka tsallaka Gidar ko Garwa ko Marwa, Fillanci ne. Ɗan makarantar nan yana rubutu da Turanci, na can da Faransanci, har zanen hannunsu ya bambanta. Kunnen da ya ƙware yakan iya cankar inda mutum ya yi makaranta, wani lokaci ya dace. Sai dai a duba wanne ya haifi wanne. Shekara sittin da wani abu na rediyon Kaduna, da aikin soja da ɗan sanda, da motocin Kano da Maiduguri, da wa'azi da littafin coci na Hausa, da finafinan Kano, su suka shimfiɗa Hausa a wannan ɓangare. Iyakar ce ta sauya bakin mutane sannu a hankali, kuma ta fi sauya na matasa da maza da mazauna gari. Tsoho da mace da mutumin kan dutse, waɗanda ba su yi yawo ba, su ne ta fi bari da yarensu. Ke nan awon harshe ya fi kama wanda ya fi kowa daɗewa a wurin.

Faransancin da ke tsorata mu kuwa kayan aiki ne. A je kasuwar shanu ta Mubi, wadda dabbobi ke shigo mata daga Kamaru da Cadi, tireloli su kwasa zuwa kudu. A tsaya kusa da dillali guda. Zai gaisa da mai shanu da Fillanci, doguwar gaisuwa har da tambayar ruga da ruwa, ya juya ga mai saye da ya zo daga kudu su yi ta ja da Turancin buroka, ya ɗaga murya ya kira yaron da zai kama igiya da Hausa, ɗan canji ya matso da damin sefa ɗaure da roba su daidaita lissafi rabi da Faransanci, sannan ya koma gefe ya kira gida ya yi yare. Duk wannan kafin a sa wa sa ɗaya fenti a gadon baya. Harajin cinikin kuma asusun Adamawa yake shiga. Abin dariyar ma shi ne gwamnatinmu ta daɗe tana neman wannan baiwa da kuɗi. An kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, Janar Abacha ya ce a 1996 Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, aka sa shi cikin manufar ilimi. Mai hali yana biyan makaranta a Abuja don ɗansa ya iya, in ya iya a ce yaro ya waye. Ɗan Sahuda ya samu kyauta a kan babur, sai a ce a bincike shi.

Maƙwabtan namu ma sun isa su zame mana ishara. Kamaru ta haɗe da yankin kudu mai Turanci a Oktoba 1961, ta rushe tsarin tarayya a 1972, aka yi ta tafiya ana ɗaukar mai Faransanci a matsayin cikakken ɗan ƙasa, mai Turanci kuma sai ya yi ta tabbatar da kansa, wani lokaci har a kira shi ɗan Nijeriya. A 2016 lauyoyi da malamai suka fito zanga-zanga a Bamenda da Buea a kan harshen kotu da na aji, abu ya rikiɗe ya zama yaƙin da ya ci dubban rayuka, ya koro dubbai zuwa Kuros Riba da Binuwai da Taraba.

Akwai kuma asarar da ba ta da ƙara, wadda mu masu Hausa ya kamata ta fi damu, don da harshenmu ake yin ta. Uba ya ga yadda ake yi wa mai gargada, sai ya ƙudura ɗansa ba zai sha wannan ba, ya daina yi masa yare a gida. Cikin garin Mubi ba wuya ka tarar da gidan da kaka ke magana da Gude ko Fali jika na amsawa da Hausa, yana ji amma ba ya iya mayarwa. Wani zai ce ai ci gaban Hausa ne. Ni ban ga abin murna ba a yaɗuwar da tsoro ya kawo. Hausa ta kai Kumasi da Kartum ne ta hanyar ciniki da karatu da iya zama da mutane, ba wanda ya tsare hanya ya ce sai an yi ta. Masana harshe ma sun sa Gude da Hausa a gida ɗaya, dangin harsunan Cadi, tare da Margi da Kamwe da Bura, har wani Ba'amurke, James Hoskison, ya rubuta nahawu da ƙamus na Gude a 1983. Wanda muke yi wa kallon bare saboda yarensa, yaren nasa ya fi Fillanci da Turanci kusanci da namu.

Idan damuwar ita ce a san wanda ya shigo, akwai tambayoyin da suka fi "yi Hausa mu ji" amfani, kuma mutanen yankin sun san su tun tuni. Wane ƙauye? Waye jauronku? Gidan wa? Gonarku tana wajen wane rafi? Baƙo yana iya aron harshe, amma da wuya ya ari kakanni da maƙwabta. Mai iya yin waɗannan tambayoyi ya kuma gane amsar ƙarya, ɗan wurin ne, wanda zai ji Gude ya san na wannan gangare ne ko na wancan, ya ji Fillanci ya rarrabe na Mubi da na Marwa. Irin waɗannan matasa suna nan birjik a Duvu da Gella da Kwaja da Sahuda, da yawa sun gama difloma a Mubi suna zaune ba aiki. Hukumomin shige da fice da kwastan da masu rajistar katin ɗan ƙasa su ɗauke su aiki, su ajiye su a shingayen yankinsu da teburan rajista, a riƙa lissafa kowane harshe da suke ji a matsayin cancanta lokacin ɗauka.